Lamu da Al'adun Mutanenta a Gaɓar Tekun Indiya

Daga cikin garuruwan bakin teku da masu yawon buɗe ido suka fi sha'awa a Gabashin Afirka akwai Lamu, wadda ke kan wani tsibiri mai wannan suna a arewacin gaɓar Kenya, kusa da iyakar Somaliya. Garin ya kafu tun wajen ƙarni na 14, kuma a shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda ana ɗaukarsa mazaunin Suwahilawa mafi daɗewa da bai taɓa zama kufai ba. Suwahilawa su ne Musulmin gaɓar da ta miƙe daga kudancin Somaliya zuwa arewacin Mozambik, masu harshen Bantu da ya ari kalmomi da yawa daga Larabci. Abin da ke jan baƙo zuwa Lamu, wato jakuna da jiragen ruwa masu tafiya da iska da gidajen dutse da Mauludi, duk tsare-tsare ne da mutanen garin suka yi wa kansu domin biyan buƙata, tun kafin wani ya zo kallo.

Iska ce ta tsara shekarar mutanen Lamu. Daga wajen Disamba zuwa Maris ana samun kaskazi, iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, wadda a da take koro jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya ɗauke da dabino da yadi da tangaran, sa'annan daga Afrilu zuwa wajen Oktoba kusi ta juyo daga kudu ta mayar da su gida da hauren giwa da itace da bayi. Tun da jirgi ba ya komawa sai iska ta juya, fatake kan yi watanni a garin, wasu su yi aure su zauna, kuma daga nan ne yawancin cuɗanyar jini da ta al'ada ta samo asali. Har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu a ƙauyen Matondoni: babban shi ne jahazi, ƙaramin kuma mashua, kowanne da ƙyalle mai kusurwa uku da ke tare iska, kuma akan liƙa wa goshin jirgin wani zagayayyen katako mai zane da ake kira jicho, wato ido.

Gidan mai hali a Lamu ana gina shi da dutsen murjani, a haɗa shi da farar ƙasa da aka samu ta hanyar toya irin wannan dutsen. Rufin kuwa yana kan sandunan boriti ne, waɗanda ake sarowa daga mikoko, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa. Kamar yadda tsawon azara ke ƙayyade faɗin ɗakin soro a ƙasar Hausa, haka tsawon boriti ya hana ɗakin Lamu wuce mita uku ko kusa da haka a faɗi, shi ya sa ɗakunan suka zama dogaye sirara, jere ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na gabansa tudu da kuma sirri. A ƙofar gida akwai daka, wani ɗan shigifa mai dakali hagu da dama, inda maigida ke karɓar baƙin da ba muharramai ba, a sha baƙin gahawa da alewa a gama magana ba tare da baƙon ya ga cikin gida ba. Ƙofar kanta ta katako ce mai sassaƙen ganye da furanni, wani lokaci da rubutun Larabci a samanta. Can ƙurya kuma akwai ndani, ɗakin uwargida, wanda bangonsa ke cike da ƙananan alkukai da ake kira zidaka, inda ake jera tangaran da littattafai da turare, kuma a gabansu ake zaunar da amarya ranar da za a nuna ta ga mata. A al'adar masu dukiya na da, uba ne ke tanadar wa 'yarsa gida ko bene idan za ta yi aure, ango ya tare a can, kuma inda gidajen dangi biyu ke fuskantar juna akan haɗa su da wikio, ɗakin da ke tsallaka lungu ta sama, domin mata su ziyarci juna ba sai sun fito titi ba.

Lungunan garin matsattsu ne ƙwarai, wasu da ƙyar mutum biyu ke gittawa, abin da ke ba da inuwa yini guda ya kuma hana mota shiga. Saboda haka jaki ne abin hawa da na dako: shi ke kwaso yashi da dutse a mangala daga bakin ruwa, shi ke kai yaro aike, kuma yawancin jakunan sun san hanyar gida ko ba mai kora. Darajarsu ta kai ga wata ƙungiya daga Ingila ta buɗe musu asibiti a bakin gaɓa a 1987. A 'yan shekarun nan 'yan acaɓa sun shigo da babura, an kuma daɗe ana taƙaddama a kansu tsakanin matasan da ke neman abinci da dattawa da masu kula da tsohon gari, waɗanda ke ganin ƙarar babur da saurinsa ba su dace da lungun da aka gina wa jaki ba. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai mai ɗauke da mara lafiya da tsakar dare ba ya tambayar abin da ya fi kyau a hoto.

Babban taron shekara shi ne Mauludi, wanda ake yi a ƙarshen watan Rabi'ul Awwal, kuma yana tara jama'a daga Mombasa da Zanzibar da Komoros da Somaliya da wasu wurare masu nisa. Yadda ake yinsa a yau ya samo asali ne daga Habib Salih, wani Sharifi malami kuma mai magani, ɗan asalin Komoros daga zuriyar mutanen Hadramaut, wanda ya zauna a Lamu a ƙarshen ƙarni na 19, ya kafa masallacin Riyadha da makarantarsa, ya rasu a 1935. A zamaninsa garin ya kasu biyu: Mkomani a arewa, unguwar gidajen dutse ta waungwana, wato 'ya'yan gari masu asali, da Langoni a kudu, unguwar ginin laka da rufin ganyen kwakwa, mazaunin baƙi da bayi da 'yantattu. Habib Salih ya zaɓi zama a ɓangaren talakawa, ya jawo masu hawan kwakwa da 'yantattun bayi cikin karatu, ya kuma shigo da Mauludin Habshi, wanda ake rera ƙasidunsa da bandiri a cikin masallaci. Manyan gari sun ƙi abin da farko, wasu don bandirin, wasu kuwa, bisa ga dukkan alamu, don ganin waɗanda suke ɗauka ƙasa da su sun sami wurin zama a sahun malamai. An soke bauta a gaɓar Kenya a 1907, kuma daga baya Mauludin Riyadha ya rinjayi na tsofaffin gidaje har ya zama na gari duka. A kwanakin bikin ana musabaƙar Alƙur'ani da tseren jakuna da na jirage da iyo, ana gasar lalle da wasan bao, wanda ake yi da ƙwayoyi a allo mai gurabu, dattawa kuma sanye da farar kanzu da hula kofia mai aikin hannu suna rawar goma, a jere, kowa da sandarsa yana ɗaga ta a hankali. A rana ta ƙarshe ake yin zefe, jerin gwanon da ke tafiya da tutoci da ƙasidu zuwa kabarin Habib Salih.

Masu zuwa hutu sun fara yawa tun shekarun 1970, kuma akasarinsu ƙauyen Shela suke nufa, kimanin kilomita 3 kudu da gari, inda farin rairayi ya miƙe wajen kilomita 12 a gindin tuddan yashi. Mutanen gari sun shata wa baƙi iyaka ba tare da doka a rubuce ba: kayan wanka na bakin ruwa ne, mai shiga gari ya rufe kafaɗa da gwiwa, giya sai a 'yan otal ƙalilan, kuma a watan azumi ba a cin abinci a fili. Kuɗin baƙi ya raya sana'o'in da suka kusa mutuwa, domin masassaƙan ƙofofi da magina masu adon farar ƙasa sun sami masu saye, jiragen da babu sauran fatauci a gare su kuma suka koma ɗaukar mutane yawon faɗuwar rana ko zuwa kufan Takwa a tsibirin Manda. Amma Turawa masu kuɗi sun saye gidaje da yawa a Shela da tsohon gari, farashi ya tashi fiye da ƙarfin 'yan ƙasa, har ta kai gidan da aka gyara da kyau yakan wuni ya kwana a kulle mafi yawan shekara, jikokin masu shi na haya a bayan gari. Sace wasu baƙi da aka yi a yankin a 2011 da harin da aka kai garin Mpeketoni a 2014 sun nuna raunin dogaro da wannan kasuwa, domin otal-otal sun yi watanni babu kowa.

Tuddan yashin Shela ma sun zama abin jayayya, saboda a ƙarƙashinsu ruwan sama ke taruwa, daga rijiyoyinsu kuma garin ke sha, alhali masu son gini suna kwaɗayin wurin don yana kallon teku. A gefe guda kuma gwamnatin Kenya ta buɗe sashen farko na sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu a 2021, a mashigin Manda, amma tun kafin haka masunta sun kai ƙara kotu kan wuraren kamun kifinsu da aikin ya ci, inda a 2018 Babbar Kotun ƙasar ta yanke cewa a biya su diyya.