Yaro Mai Doguwar Jinyar Ciki Yana Buƙatar Mai Duba Zuciyarsa

Ba kowane yaron da ake kai wa asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu ne zai sha magani ya koma gida a kwana uku ba. Wani taifot ne ya huda masa hanji. Wani an haife shi babu ƙofar bayan gida. Wani kuma gudawa da tamowa ne suka yi ta kai shi suna dawo da shi. A wasu lokutan likitan tiyata kan buɗe ƙofa a gefen ciki, bayan gida ya riƙa fita ta nan na tsawon watanni kafin a mayar da hanjin mazauninsa.

Ana yin aikin, rai ya tsira, sai kuma wata jinyar ta fara. Uwa na naɗe cikin da tsumma, tana sauyawa dare da rana. Yaro ya koma makarantar allo, 'yan uwansa suna toshe hanci suna matsawa gefe. Daga nan sai ya daina fita, ya ƙi cin abinci don kada bayan gida ya riƙa fita ta ƙofar cikin, ya riƙa ƙwalla ƙara da zarar ya hango farar riga. A gida kuwa a ce shagwaɓa ce, ko a ce iskoki ne, wani lokacin har da bulala idan ya ɓata wando. Bulalar ba ta gyara komai. Hanji da ƙwaƙwalwa suna da jijiyoyin da suka haɗa su, don haka tsoro da fargaba kan ƙara murɗa cikin da dama yake ciwo.

Nan ne aikin masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yake. Shi ba ya rubuta magani kamar likitan ƙwaƙwalwa. Zai zauna da yaro da takarda da fensir, ko da 'yar tsana, ya nuna masa inda za a yanka da abin da zai gani idan ya farka. Zai koya masa jan numfashi a hankali lokacin allura. Zai kuma saurari uwar, wadda galibi ba a tambayar yadda ta kwana.

Kada wani ya ɗauka wannan gatan 'ya'yan masu kuɗi ne. Cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyar tamowa mai tsanani, akwai wasa da yaro da nuna masa ƙauna. A Jamaika an riƙa ziyartar yaran da suka tsumbure ana wasa da su kowane mako. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna bayan shekara 20 abin da suke samu ya zarce na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Matsalar ita ce masu wannan sana'a kaɗan ne a Nijeriya, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Hanyar shiga a fili take: digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, digiri na biyu a ɓangaren asibiti a jami'o'i irin su Ibadan, sannan horo a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙara wa fannin daraja. Matasan Kebbi masu jin Hausa da Zabarmanci ko Fulatanci su ne suka fi dacewa, domin yaro ba ya faɗin damuwarsa ta bakin tafinta.

Iyaye kuma, idan yaro mai jinyar ciki ya daina wasa, ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance, a gaya wa likita kamar yadda ake gaya masa zazzaɓi, a kuma nemi ya haɗa ku da masanin halayya.