Wane Horo Aka Ba Wanda Zai Karɓe Ku a Ɗakin Gaggawa?

A ce da almuru ne, ɗan kabu-kabu ya ɗauko ɗan'uwanku daga kasuwar Jega za shi gida Kuberi, sai mota ta goge su a kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri. Kun kwashe shi zuwa asibiti mafi kusa. Wanda ya tarbe ku bai tambayi inda ke ciwo ba, bai ma kalli ƙafar da ta karye ba. Sai ya sunkuya ya ce wa maras lafiyan, "Malam, ya sunanka?" Kuna iya ɗauka ɓata lokaci yake yi. A gaskiya ya riga ya fara aiki. Mutumin da ya amsa sunansa da murya garau, maƙogwaronsa a buɗe yake, yana numfashi, kuma jini yana kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wannan tambayar koya masa ita aka yi.

A garuruwa irin su Jega, Aliero da Maiyama, wanda zai fara taɓa maras lafiya yawanci nas ne, ko jami'in lafiyar al'umma, ko likitan da ke duba kowace irin cuta. Likitan ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara 1 yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakken lasisi. Ƙwarewa a fannin gaggawa zalla kuwa sabon abu ne a ƙasar nan. Afirka ta Kudu ta fara horar da irin waɗannan likitoci a 2004, Gana ta bi baya a Kumasi a 2009. A Najeriya sai a 2019 kwalejin ƙasa mai horar da manyan likitoci ta amince da fannin a matsayin sashe mai zaman kansa. Waɗanda suka ƙware a kansa ba su da yawa, kuma sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa. Don haka a yankinmu, abin da ke ceton rai shi ne gajerun kwasa-kwasan da ma'aikacin lafiya yake komawa yana yi bayan ya bar makaranta.

Mafi shahara a cikinsu daga haɗari aka samo shi. A 1976 wani likitan ƙashi, James Styner, ya faɗo da ƙaramin jirgin sama shi da iyalinsa a jihar Nebraska ta Amurka. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka. Ƙaramin asibitin da aka kai su ba a shirye yake ba, ma'aikatan ba su san da me za su fara ba. Daga nan shi da abokan aikinsa suka tsara kwas ɗin da ake kira ATLS, aka fara koyar da shi a 1978. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross suka fitar da wani kwas mai irin wannan tsari, wanda aka yi domin asibitocin da ba su da kayan aiki sosai.

Abin da ake koyarwa shi ne a fara da abin da zai fi saurin kashe mutum, ba abin da ya fi tayar da hankalin mai kallo ba. Hanyar iska tukuna, sai numfashi, sai jini da bugun zuciya, sai hayyaci, sannan a buɗe jikin duka a duba, har da baya. Idan jini na tsartuwa daga rauni, shi ake fara dannewa. Toshewar maƙogwaro tana kisa cikin 'yan mintuna. Karaya kuwa, idan ba jini take zubarwa ba, tana iya jira. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, kuma mun san iyalai da yawa can suke fara nufa. Amma wanda ya yi haɗari ya suma, ko yana amai, ko cikinsa na ciwo, ko ƙashi ya huda fata, asibiti ya kamata a fara kai shi. Jinin da ke zuba a cikin ciki ko cikin kai ba a ganinsa da ido.

Da wannan ma'auni ake tantance wanda za a fara gani. Shi ya sa za ku iya shafe awa a kan benci, a shigo da yaron da ke suma a wuce da shi gabanku. Ba sanayya ba ce. Amma idan naku maras lafiyan ya canja yayin da kuke jira, numfashinsa ya yi sama, ko ya daina magana, ko hannuwansa sun yi sanyi, ku tashi ku faɗa nan take, domin za a sake masa matsayi.

To me ya sa sai an riƙa maimaita horon? Dalili na farko, hannu yana mantuwa. Danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya yana da ƙa'ida: sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Wanda ya koya a jikin mutum-mutumin roba, idan ya yi watanni bai gwada ba, sai hannunsa ya yi sanyi. Saboda haka takardar shaidar irin wannan horo shekara 2 take yi a sabunta ta.

Dalili na biyu ya fi shafar ku, domin shi ke jawo gardama a bakin gado. Ilimin likitanci yana canjawa, wani lokaci ma yana juyewa gaba ɗaya. Shekaru da dama kwinin ne maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2010 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka 9, ciki har da Najeriya, wanda ya nuna allurar atesunet ta fi kwinin rage mutuwa da sama da kashi 20 cikin 100. Yanzu ita ake fara bayarwa. A 2011 wani bincike a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya girgiza likitocin yara: ɗura wa yaro mai zazzaɓi mai tsanani ruwa da yawa cikin sauri ta jijiya ya ƙara yawan mutuwa maimakon ya rage. Likitocin da suka yi binciken kansu ba su zaci haka ba. Wannan bai shafi yaron da gudawa ko amai ya ƙarar wa ruwan jiki ba, shi kam yana buƙatar ruwan. Amma idan likita ya ce ba zai saki ƙarin ruwa da gudu ba, kada ku ɗauka rowa ce ko sakaci. Mutanenmu suna da imani da ƙarin ruwa, har wasu na ganin in ba a rataya leda ba, ba a yi magani ba.

Haka batun zubar jini bayan haihuwa. A 2017 binciken da aka yi kan mata kusan 20,000, da yawansu a asibitocin Najeriya, ya tabbatar da cewa allurar tiranekzamik tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi 1 cikin 3 idan an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Bayan awa 3 amfaninta ya wuce. Ungozomar da ta gama makaranta kafin wannan shekara ba ta karanta shi a aji ba, sai dai a wajen bita. Ku kuma naku aikin shi ne kada a cinye waɗannan awoyi a gida ana jiran a ga abin da hali zai yi.

Hukumomi sun mayar da wannan ƙarin karatu dole. Likita yana sabunta lasisinsa kowace shekara a hukumar MDCN, kuma sai ya nuna shaidar makin da ya tara daga tarukan ƙara wa juna sani. Ma'aikatan jinya da ungozoma su ma suna sabunta nasu, bayan sun halarci bitar da hukumarsu ta wajabta. Nas da ke son ƙwarewa a aikin haɗari da gaggawa yana iya komawa makaranta ya yi ƙarin kwas na musamman. Mu likitoci mun san tara maki a zauren taro daban ne da iya aiki. Bitar da ta fi amfani ita ce wadda ake yi a cikin asibitin, da kayan da ke akwai, nas da likita da mai tura keken marasa lafiya kowa ya san inda zai tsaya.

Wani ɓangare na horon kuma shi ne mutum ya san iyakarsa. Idan an tsayar da jini, an sa ruwa, aka ce ku wuce Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ba korar ku aka yi ba. Ku karɓi takardar da aka rubuta abin da aka yi masa da lokacin da aka yi, ku tambaya ko wani ma'aikaci zai raka ku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, wata doka ta 2017 kuma ta ce a karɓi wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda.

Idan kun isa, a bar mutum ɗaya da ya san abin da ya faru ya tsaya da ma'aikata, sauran su ba da wuri. Ya faɗi ƙarfe nawa abin ya auku, ko maras lafiyan ya suma, yaushe ya ci abinci, ko mace ce mai ciki, da duk maganin da aka ba shi, na kemis ko na gargajiya. Ku zo da kwalin maganin ko ragowar jiƙon, kada ku ɓoye don tsoron faɗa.