Manhajar Gayya da Haƙƙin Makaho

Makahon da ya fito neman ilmi a wannan zamani, ko a Basawa yake ko a Sabon Gari, ba shi da hanyar sanin abin da ke kan allon kwamfuta face ta wata manhaja mai karanta masa rubutu da murya. Wadda ta fi shahara a da, watau JAWS, wadda sigarta ta Windows ta fito a 1995, kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, har sai da wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara gina NVDA a 2006, James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka sake ta kyauta, suka kuma bar ƙofa a buɗe ga duk mai iya gyara.

Amma fa manhajar nan ba gani take yi ba, tambaya take yi. Duk inda mai aiki ya kai, sai ta nemi sunan abin da ke wurin da amfaninsa, kuma idan magini ya zana hoton kwandon shara bai raɗa masa suna ba, iyakar abin da muryar za ta faɗa shi ne akwai maɓalli, ba ta san na aikawa ne ko na gogewa ba. Haka makaho zai yi ta danna Tab yana lalube, wata taga ta buɗe wadda linzamin kwamfuta kaɗai ke rufe ta, ya tsaya cik sai ya kira mai ido.

A manhajojin da 'yan sa kai ke ginawa bayan sun tashi daga aiki, galibi ba mugunta ke jawo wannan ba, illa dai kowa abin da ya dame shi yake gyarawa, alhali akasarinsu idonsu garau ne. A ra'ayina al'amarin ya zama tamkar farillar kifaya wadda kowa ke zaton wani ya ɗauke, ga shi kuwa an bar ta a ƙasa. Dubi Orca, mai yi wa masu Linux karatu: kamfanin Sun ne ya raine ta, da Oracle ya saye shi a 2010 aka sallami jagoran aikin, nauyin ya koma kusan kacokan a wuyan mace guda, Joanmarie Diggs, shekara da shekaru.

Mu kuma muna da tamu larurar. Idan aka ba muryar Ingilishi rubutun Hausa, sai ta dagula shi, ta kasa raba ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, balle tsawon wasali da karin sauti waɗanda ba ma rubuta su. Dokar hana wariyar masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta tilasta wa ɗan sa kai na wata nahiya ya koyi harshenmu ba, kuma ba adalci ba ne a zarge shi. Muryar eSpeak da NVDA ke tafe da ita tana karɓar ƙa'idojin furucin kowane harshe daga duk wanda ya zauna ya rubuta su, aikin da ke buƙatar masanin nahawu da masanin na'ura su haɗa gwiwa, kuma a Samaru, cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai malaman harsunan Afirka, akwai kuma cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar, tafiyar ƙafa ce kawai tsakaninsu.