Motar Kafaɗa-da-Kafaɗa: Ko Za Ta Iya Hanyar Mawashi?

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Mawashi, a Ƙaramar Hukumar Kusada ta Jihar Katsina, ya san cewa hanya ɗaya fuska biyu gare ta. Da rani, rairayi ne mai riƙe taya da ƙura mai toshe hanci. Idan kuwa damina ta nutsa, musamman a watan Agusta, sai fadamu su cika, laka ta yi santsi, ruwa ya yanka kwazazzabai a inda jiya ake wucewa lafiya. A irin wannan lokaci, fitar da mai naƙuda ko buhunan hatsi zuwa bakin kwaltar Kankiya, wadda ta haɗa Kano da Katsina, ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa tambayar wace irin mota ce ta dace da hanyar ƙauye ta wuce zancen ƙawa, domin wani lokaci rai ne a kanta.

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata 'yar ƙaramar mota da aka ƙera musamman domin inda babu titi. Sunan da suke kiran ta da shi yana nufin kafaɗa da kafaɗa, saboda direba da abokin tafiyarsa a jere suke zama. Ba ta kai a-kori-kura girma ba, amma ta fi 'yar ƙurƙura, tana da ƙafa huɗu da sitiyari da ɗan bodi a baya. Kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da tasa a 1988, ya raɗa mata suna Mule, wato alfadari, domin aikin gona aka yi ta. A 2004 Yamaha ya kawo samfurin Rhino, wanda ya ja hankalin masu yawon daji don nishaɗi, daga baya kamfanoni irin su Polaris da Can-Am suka cika kasuwa. A yau akwai masu rufaffen ɗaki, da ƙofofi da gilasai, har da na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumamawa. Masu su kan yaba su ƙwarai. To, mene ne dalilin wannan yabo a mahangar kimiyya, kuma nawa ne daga cikinsa zai tsaya idan aka kawo motar ƙasar Katsina?

Tafin raƙumi da kofaton jaki

Abu na farko shi ne dannin da taya ke yi wa ƙasa. Ɗalibin fiziks ya san cewa danni shi ne nauyi a raba shi da faɗin wurin da ya hau. Jaki bai kai raƙumi nauyi ba, amma a cikin rairayi kofatonsa ya fi nutsewa, domin tafin raƙumi shimfiɗaɗɗe ne, yana baza nauyin. Haka abin yake ga mota.

A ɗauka motar tana da nauyin kilo 800, wato kowace taya tana ɗauke da kilo 200. Idan iskar da ke cikin tayar tana danni na kilo 2 a kan kowace murabba'in santimita, kwatankwacin 28 a ma'aunin mai faci, to wurin da tayar ta taɓa ƙasa zai kai kimanin murabba'in santimita 100. Idan aka sace iskar ta koma rabi, sai wurin ya ninka ya zama kimanin 200, tayar ta yi kwanciyar tafin raƙumi. Motar kafaɗa-da-kafaɗa ba ta da nauyi sosai, tayoyinta masu faɗi ne, kuma da 'yar iska kaɗan aka tsara su yi aiki. Tsofaffin direbobin karkara sun daɗe da sanin wannan dabara: idan mota ta kafe a rairayi, rage iska ya fi taka totur amfani. Sai dai wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace.

Ƙafa huɗu da tsayin ciki

A tsakanin tayoyin da inji ke juyawa akwai wata na'ura da makanikai ke kira difaranshal. Aikinta shi ne ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a lokacin shan kwana, tun da ita ce ke yin zagaye mafi tsawo. A kan kwalta wannan alheri ne. A cikin taɓo kuwa ita ce ke jawo abin da kowa ya sha gani: taya ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa laka, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cik. Dalili shi ne na'urar tana ba tayoyin biyu ƙarfin juyi daidai wa daida, saboda haka wadda ta sami riƙo ba ta samun fiye da abin da mai santsin ta iya ɗauka. Motocin daji suna magance wannan ta hanyar aika ƙarfi zuwa ƙafafu huɗu, da kuma maɓallin da ke kulle na'urar domin tayoyin su juya tare.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. A ƙananan motoci na gari ba ta cika wuce santimita 15 ba, amma a yawancin waɗannan motoci tana kai wa 30. A hanyar da amalanke da manyan motoci suka haƙa ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan bambanci shi ne ke raba wanda ya wuce da wanda ya fasa tankin baƙin mai ko ya bar salansa a hanya.

Rufaffen ɗaki da ƙura

Masu irin wannan mota sun gano wani abin mamaki. Idan aka sa gilashin gaba kaɗai aka bar baya a buɗe, ƙura ta fi damun mutanen ciki fiye da idan babu gilashin sam. Bayaninsa shi ne, iskar da gilashin ya tsaga takan bar wuri mai ƙarancin danni a bayansa, sai ƙurar da tayoyi suka tayar ta kewayo ta baya ta cike gurbin. Maganin abin shi ne a rufe ɗakin gaba da baya. Ga ƙasar da hazon hunturu ke rufewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rufaffen ɗaki kariya ce ga ido da huhu.

Amma rufin da nasa nauyin. Injin yana kusa da kujeru, saboda haka ƙararsa da zafinsa kan taru a ciki, kuma wannan yana cikin abubuwan da masu motar suka fi kuka da su. A zafin Afrilu na Katsina, lokacin da ma'auni ke kai wa digiri 40, ɗakin da na'urar sanyayawarsa ta mutu ya zama tanderu. Har ila yau, idan bututun hayaƙi ya huje, iskar guba mara launi mara wari da ake kira kabon monoksaid tana iya taruwa a ciki, ta sa mutum jiri, har ta kashe shi.

Haɗarin kifewa

Babban aibin motar yana tattare da babbar falalarta. An ɗaga ta sama don ta tsallake tudu, an matse ta don ta bi siririyar hanya, abu kuwa mai tsawo mara faɗi ba ya wuyar faɗuwa. Injiniyoyi suna auna wannan da lissafi mai sauƙi: a ɗauki tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba ta da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. Idan tazarar santimita 120 ce, cibiyar nauyi kuma tana santimita 60, amsar ita ce 1, wato a lissafi motar ba za ta kife ba sai ta karkata digiri 45. Idan aka jibga kaya a sama har cibiyar ta hau zuwa santimita 75, amsar ta sauko 0.8, iyakar karkatar kuma ta koma kimanin digiri 39. A zahiri ma takan kife tun kafin nan, domin sifirin da tayoyi suna lotsawa, gudu a kwana kuma yana ƙara tura ta waje.

Wannan ba zancen allo kawai ba ne. A 2009, bayan hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta binciki haɗurran da suka ci rayuka 46, kamfanin Yamaha ya dakatar da sayar da wasu samfuran Rhino, ya yi wa masu su gyara kyauta. Daga cikin gyaran akwai ƙara faɗin tsakanin tayoyin baya da sanya ƙofofi, domin mutane kan fitar da ƙafa waje yayin kifewa motar ta danne ta. Masu ƙera motocin suna gargaɗin a ɗaura ɗamarar kujera, a sa hular kwano, kada yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya tuƙa, kuma a guji kwalta. Darasin lissafin ya shafi kowace a-kori-kura da ake yi wa lodi har sama ranar kasuwa, mutane kuma su hau kan buhunan.

Malami zai iya nuna wannan a aji da kwalin sabulu da allon katako. A ɗora kwalin a kan allo mai kaushi, a sa dutse a gindinsa, a riƙa ɗaga gefe ɗaya har ya faɗi, a auna kusurwar. Sannan a ɗaure dutsen a samansa a sake gwadawa.

Gamsuwar mai mota

Ba'amurken da ya ce motarsa ta gamsar da shi, yawanci yana nufin ta kai shi daji ranar hutu ta dawo da shi ba jiƙewa ba ƙura. Yana da tirelar da zai ɗauko ta da ita, da dillalin kayan gyara kusa da gida. Masu cikakken rufi kuɗinsu kan haura dala 25,000. Yawancinsu kuma da wani bel na roba suke sauya gudu maimakon giyar hannu, wanda kan ƙone idan aka matsa masa da kaya mai nauyi, kuma ba kowane shagon safaya ke da shi ba.

Tarihin hanyoyin Arewa ya nuna abin da ke sa mota ta karɓu. Land Rover, wadda ta fito a Ingila a 1948, ta yi suna wajen kai ma'aikatan lafiya da na dabbobi lunguna. Amma motar da ta zama ta talaka ita ce Peugeot, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ƙafa biyu kacal ke jan 404 da 504, duk da haka sun riƙe karkara shekara da shekaru, domin kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna nan a Kano da Katsina. Daga baya babura suka karɓi mafi yawan aikin, saboda dalili iri ɗaya.

Ke nan motar kafaɗa-da-kafaɗa za ta iya rairayi da taɓon Mawashi, domin fiziks bai san iyakar ƙasa ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne gyara kanta ranar da bel ya tsinke a tsakiyar Agusta. Aikin da ke jiran ɗaliban injiniya na ƙasar nan shi ne su ɗauki faɗin taya da tsayin ciki da rufin da ke hana ƙura, su haɗa su da inji mai sauƙi wanda bakaniken Kusada zai iya kwancewa a gindin bishiya. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.