Hawa Shafin Farko na Google: Tarihin Dabaru da Gyaran da Ke Gaban Marubutan Hausa

A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo wani lamari da ya girgiza masu kasuwanci a intanet. Wakilinta David Segal ya lura cewa kayayyaki da dama idan mutum ya neme su a Google, rigunan mata ne, zanen gado ne, dardumar ɗaki ce, sunan kantin J.C. Penney na Amurka ne ke fara fitowa, har yana shan gaban masu ƙera kayan da kansu. Da aka bi diddigi sai aka tarar an dasa dubban mahaɗai masu kaiwa shafin kantin a wasu shafuka barkatai da babu ruwansu da tufafi ko kayan ɗaki. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa wannan aiki, amma hukunci ya riga ya hau. Cikin sa'o'i biyu na wani maraice, kantin da ke na ɗaya ga mai neman kujerun falo ya koma na 68.

Na 68 kuwa shi da babu duk ɗaya ne. Mai riƙe da waya yana duba uku ko huɗun farko ne ya latsa ɗaya, ba kasafai yake leƙa shafi na biyu ba, balle na bakwai. Ƙofar kuma kusan guda ce tak: wajen kashi 90 cikin ɗari na binciken da ake yi a intanet ta Google yake bi. A watan Agustan 2024 alƙalin wata kotun tarayya a birnin Washington, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere a wannan fage ta hanyar da ta saɓa doka. A shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga kamfanoni irin su Apple domin a sa shi ya zama injin binciken da mai waya zai tarar a girke. Shi ya sa sana'a guda ta tsiro a kan wannan ƙofa, wadda ake taƙaita sunanta da SEO, wato gyara rubutu da shafi yadda injin bincike zai gan su ya kuma fifita su.

Aikin injin kashi uku ne. Akwai manhajar da ake kira Googlebot, wadda ba ta barci, tana bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi tana kwaso abin da ta gani. Abin da ta kwaso ana jera shi a wani makeken kundi mai ɗauke da ɗaruruwan biliyoyin shafuka. Idan mutum ya rubuta tambayarsa, cikin kundin nan ake dubawa, a tsara amsoshi daga wadda ta fi dacewa zuwa ta ƙasa. Rubutun da Googlebot bai taɓa isa gare shi ba, ko da zinariya aka rubuta shi, ba ya cikin gasar.

Yadda ake tsara amsoshin shi ne inda hikimar take. Injinan farko irin su AltaVista, wanda ya bayyana a 1995, sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, don haka wanda ya fi maimaita kalma ya fi hawa. Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford da suka kafa Google a 1998, sai suka duba abin ta wata fuska. Sun aro tunanin malaman jami'a, inda ake gane darajar bincike da yawan masanan da suka kafa hujja da shi. A tsarinsu mai suna PageRank, duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka ya ba ka shaida ke nan, kuma nauyin shaidar yana bin darajar mai bayarwa. Kamar binciken aure ne a wurinmu: idan limamin unguwa da mai unguwa suka ce yaron nan na kirki ne, maganarsu ta fi ta abokansa ashirin da ya jera a ƙofar gida.

Abin da J.C. Penney ya faɗa ciki ke nan, shaidar haya. Ba shi ne na farko ba. Wasu sukan cika ƙasan shafi da kalmomi da farin rubutu a kan farin fage, mutum ba ya gani amma inji na karantawa. A 2006 an cire shafin kamfanin motocin BMW na Jamus daga kundin na ɗan lokaci, saboda ya nuna wa inji fuska ɗaya, ya nuna wa mutane wata. Sai kuma zamanin gonakin rubutu, kamfanonin da ke duba abin da jama'a suka fi nema su ɗauki 'yan ƙwadago a kan ɗan kuɗi kaɗan su riƙa zubo dubban gajerun maƙalu marasa tsoka. Gyaran da aka kira Panda a Fabrairun 2011 ya far musu, ya taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka. Penguin ya biyo baya a Afrilun 2012 a kan masu sayen mahaɗai. A Maris na 2024 aka sake fitar da ƙa'ida kan masu tara rubutu rututu domin hawa kawai, da hannu aka yi ko da ƙirƙirarriyar basira. Kowace dabara takan ci kasuwarta na 'yan shekaru, sannan a toshe ramin da masu ita a ciki.

A ɗaya ɓangaren, injin ya yi ta ƙara fahimtar magana. Daga gyaran Hummingbird na 2013 zuwa na BERT a 2019, an matsa daga ƙirga kalmomi zuwa gane abin da mai tambaya ke nufi. Dole ce ta sa, domin kamfanin da kansa ya ce kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da ke shigo masa kullum bai taɓa ganin irinsu ba.

To ina mu a wannan lissafi? A ganina marubucin Hausa yana zaune ne a kan dama wadda na Turanci zai yi sha'awar samu. Wanda ya rubuta yadda ake kiwon kaji da Turanci yana gogayya da dubun dubatar shafuka. Wanda ya rubuta shi da Hausa, da sunayen cututtukan da masu kiwo ke kira da bakinsu, da irin zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, abokan takararsa ba su da yawa. Filin a buɗe yake, mu ne muke wofintar da shi.

Hanya ta farko da muke wofintar da shi ita ce inda muke zuba rubutunmu. Mafi kyawun abin da ake rubutawa da Hausa a yau, sharhin siyasa, tarihin garuruwa, bayanin fiƙihu, a Facebook da zaurukan WhatsApp yake ƙarewa. Na WhatsApp injin bincike ba ya ganinsa sam. Na Facebook ɗan kaɗan ne ke fitowa, kuma bayan kwana biyu ya nutse ƙarƙashin sababbi. Wani ma sai ya ɗauki hoton takarda ya ɗora, ko ya naɗi murya. Ɗalibin da zai nemi wannan ilimi baɗi ba zai same shi ba, kuma wannan asara tana damuna ƙwarai, don na san gumin da ke cikin irin waɗannan rubuce-rubuce.

Ta biyu ita ce kwafe. Labari ɗaya zai fita a BBC Hausa ko Aminiya, kafin azahar ya bazu a shafuka goma, har da kuskuren bugun da ke ciki. Idan injin ya ga rubutu iri ɗaya a wurare da yawa, ɗaya yake zaɓa ya nuna, sauran ya ture su gefe. Mai kwafe ya zalunci mai gumi, kuma yawanci bai tsira da komai ba.

Ta uku ita ce kanu. Ɗauki waya ka duba yadda sakamako ke fitowa: kanun labari a sama, layi biyu na bayani a ƙasansa, kuma idan kanun ya wuce haruffa kamar sittin sai a datse wutsiyarsa. A wannan ɗan fili ne ake cin kasuwa ko a faɗi. Wanda ya cinye shi da "Tirƙashi! Yanzu-yanzu: Abin da ya faru zai ba ku mamaki" bai faɗa wa inji komai ba, bai faɗa wa mutum komai ba. Babu manomin da zai zauna ya rubuta tirƙashi a akwatin bincike. Abin da zai rubuta shi ne yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari. Kanun da ya ɗauki waɗannan kalmomi, da sakin layin farko da ya shiga amsar kai tsaye, ya ambaci buhu mai leda biyu a ciki da yadda ake ɗaure bakin kowace leda daban, shi ne zai hau. Doguwar shimfiɗa da muka saba da ita a bakin magana tana da muhallinta, amma mai ƙarancin data ba zai jira ta ba.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da mu. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne biyu daban, haka ɗ da d, ɓ da b. Yawancin masu bincike ba sa wahalar da kansu wajen neman masu lanƙwasa a waya, wasu na sa ɗigon waƙafi a gefen harafi, a Nijar kuma ana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Kafin ka tsayar da kanu, ka gwada kalmar da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa, ka ga abin da kowace ke fitarwa. Shawarata ita ce a riƙe daidaitacciyar ƙa'ida a jikin rubutu, a bar haruffa marasa lanƙwasa ga adireshin shafi. Ba zan goyi bayan a lalata rubutun Hausa don a faranta wa inji ba, domin daga abin da muke rubutawa injinan ke koyon harshen.

Sauran gyare-gyaren ba su da wuya. A rage nauyin hotuna don shafi ya buɗe da sauri, tunda sigar waya Google ke dubawa yanzu. A raba dogon rubutu da ƙananan kanu. A haɗa sabuwar maƙala da tsofaffin da suka shafe ta. A yi rajista da Search Console na Google, wanda kyauta ne, yana kuma nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ka.

Inda na fi so mu yi taka-tsantsan shi ne lafiya. Google yana da dubban mutane masu duba ingancin sakamako, kuma ƙa'idar da aka ba su ta tsananta a kan batutuwan da suka shafi rai da dukiya: wa ya rubuta, me ya sani, ya taɓa abin da hannunsa? A Disambar 2022 aka ƙara sharaɗin gogewar marubuci a kan na ƙwarewa da shahara da amana. Amma inji ba zai fifita abin da ba a rubuta ba. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare, ta rubuta tambayarta da Hausa, idan likitocinmu da ma'aikatan jinya ba su ajiye mata amsa da sunansu da kwanan wata ba, tallan mai maganin da ke warkar da cuta arba'in za ta tarar.

Tun daga Mayun 2024 Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, kuma gidajen jaridu a ƙasashe da dama suna kukan raguwar masu shigowa shafukansu. Rubutun da ya fi jin jiki shi ne wanda ya tattaro abin da kowa ya riga ya sani, don inji zai taƙaita shi a layi huɗu. Wakilin da ya je Dawanau ranar kasuwa ya tambayi farashin buhun gero daga bakin dillalai uku, ya rubuta da kwanan wata, ya kuma dawo mako mai zuwa ya sabunta, shi ne tushen da taƙaitawar za ta dogara da shi, kuma nan ɗan kasuwar Damagaram zai latsa kafin ya loda mota.