Nuni Da Yatsa Ko Rubutaccen Umurni? Darasi Daga Kifin Tafkin Kainji

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kifi ta Yelwa ya san hanyoyi biyu na ciniki. Akwai mai sayen da zai tsaya gaban kwando ya nuna da yatsa ya ce, "A ba ni wancan." Akwai kuma falke da ke zaune a Sakkwato, wanda zai rubuto wa dillalinsa cewa a sayo masa kwando kaza na karfasa da kwando kaza na tarwaɗa, a ɗora a mota ranar kasuwa. Na farko ba ya bukatar sanin sunan kifin, amma sai abin da aka baje a gabansa zai iya saye. Na biyu dole ya san suna da adadi, amma takardarsa tana nan, ana iya sake aika ta mako mai zuwa, in kuma an sami saɓani a ɗauko ta a duba.

Haka al'amarin yake tsakanin mutum da kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ko dai a yi mata nuni, ko a rubuta mata umurni.

Asalin hanyoyin biyu

Rubutaccen umurni shi ne wa. Mutum zai tarar da baƙin allo babu komai sai wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa, ya buga kalma, na'ura ta amsa da rubutu. A kan haka Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka tun daga 1969, a kan haka kuma MS-DOS ya fito a 1981. In ka buga dir a DOS, ko ls a Unix, sai na'ura ta jero maka sunayen fayilolin da ke ajiye a wurin.

Hanyar nuni kuwa, a watan Disamba na 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana a San Francisco ɗan abin nan da muke kira linzamin kwamfuta. Kamfanin Xerox ya ƙera na'urar Alto mai tagogi a 1973, Apple ya fito da Macintosh a 1984, sa'an nan Windows ya biyo baya a 1985, ya game duniya bayan fitowar Windows 95. Wayar shafa da ke aljihun mai karatu jikanyar wannan hanya ce. Amma duk ranar da ka buga *310# don duba kuɗin wayarka, to, rubutaccen umurni ka bayar, kuma ka san kuskuren lamba ɗaya ya isa ya hana aikin tafiya.

Me ya haɗa wannan da kifi?

Da aka datse Kwara, ruwa ya kwanta ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka kuma tayar da mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, cikinsu har da Gungawan da ke zaune a tsibiran ƙasar Yauri. Tun daga lokacin masana ke ƙirga kifin da ake kamawa, aikin da ya haifar da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa. Alƙalumansu sun nuna cewa kamun ya kai kimanin tan 28,000 a 1971, amma zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Daga 1993 wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya riƙa zagaya ƙauyukan masunta yana ƙirga jirage da kayan su, yana auna abin da aka sauke a bakin ruwa. Irin waɗannan alƙaluma ne hukuma ke dubawa kafin ta ƙayyade faɗin idon kalli, ko ta hana jan dala, wannan taru mai ƙananan idanu da ake kamun warangi da shi, wanda ke kwaso 'ya'yan manyan kifaye tare da su. Ke nan kuskure a lissafi yana iya raba masunci da abincinsa ba gaira ba dalili, ko kuwa ya sa a zuba ido har tafki ya ƙare.

To, mu ƙaddara akwai mashigai 20 a gaɓar Yauri da Ngaski da Shanga, kowace tana aiko da fayil ɗaya a wata. A shekara fayiloli 240 ke nan, a shekara goma 2,400. Ana so a san sau nawa aka rubuta karfasa a cikinsu. Mai aiki da linzami zai buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya nemo, ya kwafe, ya rufe. In kowane ya ci masa minti biyu, ya yi awa 80, kuma kafin ya kai na ɗari idonsa ya fara tsallake layi. Mai rubuta umurni kuwa layi ɗaya zai buga:

grep karfasa *.csv | wc -l

Kalmar farko tana cewa a zaƙulo duk layin da ke da "karfasa". Tauraron yana nufin a duba kowane fayil na wannan nau'i. Tsayayyar sandar tana miƙa abin da aka samo ga umurni na biyu, shi kuma ya ƙirga layukan. Kafin a kurɓi shayi amsa ta fito.

Nuni ba ya barin sawu

Sauri ba shi ne babbar fa'idar ba. Wata shekara wani ɗalibina ya auna tsawo da nauyin karfasa ɗari uku, ya zuba a jadawalin kwamfuta. A ilimin halittu mun san cewa idan tsawon kifi ya ninka biyu, nauyinsa kan ninka kusan takwas. Amma zanen da ya kawo mini ya nuna ƙananan kifaye sun fi manya nauyi. Sai da muka koma ga littafin da ya rubuta da hannu a bakin ruwa muka gano cewa ya jera layin tsawo daga ƙarami zuwa babba, ya bar layin nauyi yadda yake, kowane kifi ya ɗauki nauyin wani. Da na tambaye shi wace rana ya yi haka, da me ya latsa, bai iya tunawa ba, na'urar ma ba ta ajiye ba. Da umurni ya rubuta, da sai mu karanta su layi bayan layi mu ɗora yatsa a kan kuskuren.

Kada a ce wannan sakacin ɗalibi ne kawai. A 2016 wasu masana a Ostireliya sun binciki maƙalolin kimiyya da aka haɗa da jerin sunayen ƙwayoyin gado a manhajar Excel, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na da kuskure. Dalili shi ne manhajar kan ga suna irin MARCH1 ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da shi 1 ga Maris ba tare da shawara ba. Abin ya kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya bayyana cewa ya sauya sunaye 27, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Saboda haka masu binciken kifi da yawa suka koma baya don su ci gaba. Manhajar FiSAT, wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa don ƙiyasta yawan kifi, ta fara a kan DOS a shekarun 1990, daga baya ta koma Windows. Amma a 2017 an sake fito da irin waɗannan hanyoyin lissafi cikin R, harshen ƙididdiga da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland, wanda da rubutu ake sarrafa shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kowace da ranarta

Duk da haka, rubutaccen umurni na da kaifi. Magana zarar bunu ce. Umurnin rm a Linux yana shafe fayil ba tare da ya tambaye ka ba, ba kuma kwandon shara da za ka koma ka tsinto shi. Sa'an nan baƙin allo ba ya nuna maka abin da zai iya yi, sai ka haddace, alhali hanyar nuni tana baje komai a gabanka. Akwai kuma aikin da ido ne kaɗai alƙalinsa. Mai duba hoton tauraron ɗan Adam don ya ga inda ciyawar ruwa ta rufe gaɓar Yelwa, ko mai ƙirga zoben shekaru a ɓawon giwan ruwa ta madubin likita, nuni ya fi masa, domin gani ya kori ji.

Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce: aikin da za ka yi sau ɗaya kana dubawa da ido, yi shi da linzami. Aikin da za ka maimaita, ko wanda wani zai zo ya ce "yaya ka sami wannan adadi?", rubuta shi.

Kira ga malamai da ɗalibai

Ba a bukatar sabuwar na'ura ko intanet kafin a fara. Kowace kwamfuta mai Windows tana da tagar umurni, buga cmd a wurin nema ta buɗe. A darasin farko umurni huɗu sun isa: dir don jero fayiloli, cd don shiga jaka, mkdir don buɗe sabuwa, copy don kwafewa. A yi gwajin a cikin jakar da ba a ajiye komai mai muhimmanci ba. Bayan haka malamin ilimin halittu ya kai ɗalibansa bakin ruwa da ma'auni da sikeli, su auna kifi hamsin da izinin masu shi, su rubuta a littafi, su dawo su yi lissafin ta hanyoyin biyu. Bayan mako guda a ba wani aji aikin, a ce su maimaita shi ba tare da sun tambayi kowa ba. A ranar ɗalibai za su gane da kansu abin da ya sa falken Sakkwato yake rubuta saƙonsa.