In Rumbu Ya Karkata, A Duba Gindinsa Kafin Yaɓe

A ƙauyukan ƙasar Zuru, cikin Jihar Kebbi, Dakarkari kan ɗora rumbun dawa a kan duwatsu domin tsare hatsi daga danshi da gara. In shekaru suka tura, sai a ga rumbu ya karkata, bangonsa ya tsage. Masu gaggawa kan yaɓe tsagar, baɗi kuwa ta sake buɗewa, domin ciwon a ƙasa yake.

Ƙasa mai laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke da rani. Dutsen da ruwa ke kwanciya a gindinsa ya fi sauran nitsewa. Nauyin hatsi sai ya koma gefe guda, busasshen bango kuma ba ya lanƙwasa, sai dai ya dare.

Gyara sai da rani, bayan an kwashe hatsin. Siririn tiyo mai haske da aka zuba wa ruwa ya isa ma'auni, tunda ruwan bakunansa biyu tsayi ɗaya yake tsayawa. Da shi ake gano dutsen da ya nitse. A tokara katako, a ɗaga gefen sannu a hankali da jak ɗin mota, a daɓe ƙasar, a shimfiɗa faffaɗan dutse wanda zai raba nauyin. Daga nan ne ake cike tsagar, a yi yaɓe, a shafe shi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, don ruwan sama ya riƙa zamewa.